Garken da ke Cikin Kwamfuta: Shafi na 17

Masu cika mini waya da saƙo tun shekaranjiya cewa na bar ku a tsaye, ku yi haƙuri, ɗinkin mutane ne ya riƙe ni. Ke kuma da kika rubuto cewa Umair ya burge ki, karanta wannan tukuna, sai ki dawo mu yi magana.

*

Teburin wayam.

Rahinatu ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin Baba, jakar ɗinkinta na rataye a kafaɗa, tana kallon wurin da kwamfutar take zama. Babu abin da ya rage sai shatin ƙura mai kusurwa huɗu. Ko surin, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ana dannawa, ba a bari ba.

A tsakiyar shatin an ajiye wani kwali sabo fil, da ledarsa.

"Buɗe mana," in ji wata murya a bayanta. "Tsarabarki ce."

Yayanta ne Umair, wanda ya zo daga Douala kwana uku da suka wuce. Ya jingina da bango yana murmushi, irin murmushin wanda yake jiran a gode masa.

"Ina kwamfutar?"

"Ki buɗe tukuna."

"Yaya Umair, ina kwamfutar?"

Da ya ga ba za ta taɓa kwalin ba, sai ya ƙaraso ya yage ledar da kansa. Ya zaro wata baƙar na'ura mai gilashi a tsakiya, maɓallai dama da hagu. Konsol ce ta hannu, irin wadda ake riƙewa a kunna wasa ko'ina mutum yake.

"Wasan shanun nan naki yana ciki," ya ce. "C'est le même jeu, shi ɗin ne sak, na sa mai shagon ya zuba miki. Caji take yi, ba ruwanki da ɗauke wuta. Ki kai ta ɗakinki, ki kai ta shagon ɗinki, ki hau rufin gida da ita ma idan kin ga dama. Amma wasa a ɗakin Baba, daga yau an gama."

Ku ji fa. Mutumin da rabonsa da unguwarsu ta Briqueterie, wadda ake kira Birik, wata tara, ya zo ya yi kwana uku, har ya san abin da ya dace da ɗakin Baba da abin da bai dace ba.

Rahinatu ta sauke jakarta a hankali, don idan ba ta sauke ba a kansa za ta sauke ta.

"Ka tambaye ni?"

"In tambaye ki me? Kwamfutata ce, ni na bar ta a gidan nan da zan tafi."

"Ka bar ta shekara biyar."

"To yau na ɗauke." Murmushin ya fara gushewa. "Ke ko kunya ba kya ji? Jiya ina tsakar gida ina jin kukan shanu daga ɗakin nan tun la'asar har aka kira magariba. Kin rufe ƙofa, kin tasa dattijo marar lafiya a gaba kina buga wasa. Don kin ga bakinsa ya yi nauyi, ba zai iya korar ki ba? Alhaji Gali fa. Mutumin da ya tara dattawan Birik suka rufe gidan wasan yara na bakin unguwa. Shi ne za ki mayar masa da ɗaki gidan wasa."



Maganar tana nan a kan harshenta, da zafinta. Amma ta yi rantsuwa.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana dillancin shanu a kasuwar Etoudi, wanda daga nesa zai kalli sa ya faɗi shekarunsa, ya dawo kwance. Wata huɗu ya yi fuskarsa na kallon bango. Ba ya magana, abinci sai an yi da gaske. Rahinatu ta kawo kwamfutar ɗakin ne don ta riƙa samun abin yi idan tana zaman jinya, tana ɗan buga wani wasa na kiwo da cinikin dabbobi, mai dogon suna na Faransanci da ba wanda ya taɓa faɗa daidai a gidan.

Ran nan ta shiga kasuwar cikin wasan za ta sayi saniya, sai ta ji murya daga kan katifa.

"An cuce ki. Ta tsufa. Dubi gindin ƙahonta."

Ita ce maganarsa ta farko a wata huɗu. Washegari ta sa surin a ƙarƙashin hannunsa na dama. Yau wata goma sha huɗu, garke ya cika fal, kowace saniya da sunan da ya raɗa mata. Saboda garken nan ya yarda ya koyi tashi zaune. Saboda shi yake jure wahalar kine, gashin jikin da ake kai shi asibiti duk Asabar. Sai dai ya sa ta rantse da Allah ba wanda zai ji. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ta ja surin gabanta, shi kuma ya lumshe ido kamar mai barci.

Shi ya sa duk unguwa ta san Rahinatu a matsayin ƙatuwar budurwar da ba ta da aiki sai wasan yara. Ta shanye wannan, ba ta taɓa cewa uffan ba.

"Ba na so," ta ce, ta ture konsol ɗin. "Na kwamfuta nake so."

"Me ya raba su?"

"Gilashin wannan ƙarami ne."

"Idonki lafiya lau."

"Garken ba ya ciki. Duk abin da aka tara, a cikin waccan kwamfutar yake ajiye, ba a intanet ba. Ba ya tsallakowa nan. Wannan daga ɗan maraƙi ɗaya za a fara."

"Sai ki fara. Shanun ƙarya ne, ba ci suke ba, ba sha suke ba."

"Wata goma sha huɗu, Yaya."

"Wata goma sha huɗu na ɓata lokaci."

"Kuma wannan hannu biyu take so." Muryarta ta ɗaga ba ta sani ba. "Babban yatsa nan, babban yatsa nan, a lokaci ɗaya. Waccan kuwa da hannu ɗaya ake yin komai."

Umair ya kalle ta sheƙeƙe.

"To ke hannu nawa gare ki?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta, don kada ya karanta abin da ke fuskarta.

"Ina ka kai ta?" ta tambaya, murya ƙasa ƙasa.

"Wajen wani abokina Mika'ilu, mai gyara a Nkomkana. Na ce ya goge komai, ya wanke ta tas. Gobe zan kai ta Islamiyya, sadaka da sunan Baba, yara su koyi abin kirki da ita. Ko banza ya samu lada maimakon hayaniya."

"Ya goge?"

"Ba wuta tun safe, layinmu ɗaya da su. Da ta dawo zai yi."

Rahinatu ta ɗaga kai ta kalli fankar silin. Tsaye take cik. A rayuwarta ba ta taɓa addu'ar kada wuta ta dawo ba sai yau.

"Ba ni lambarsa."

"A'a."

"To kwatanta mini shagon."

"Rahinatu, na ce a'a."

"Don girman Allah, Yaya, kira shi ka ce ya dakata. Yau kaɗai. Na yarda ka kai ta ɗakina, na yarda ka kulle ta a akwati ka tafi da makullin Douala, amma kada a goge."

"Kin ji kanki kuwa? Kina haɗa ni da Allah a kan shanun roba."

"Ba ka san abin da kake yi ba."

"Ke ce dai ba ki sani ba."

Ta fizgi jakarta. Nkomkana ba nisa, za ta bi shagon masu gyara ɗaya bayan ɗaya ko da zai kai ta yamma. Ba ta kai zaure ba ta ji tsayuwar taksi a ƙofar gida, sai kuma muryar Goggo Hansai tana faɗa da direba a kan ya matso kusa da dakali.

An dawo da Baba daga kine.

Goggo Hansai ƙanwar Baba ce, ita take raka shi asibiti. Mace ce mai kirki, wannan ba a musu. Amma abin da kunnenta ya ji da azahar, kafin la'asar masu gasa nama na bakin titi sun ji shi, har da ƙari.

Baba ya shigo yana dogara sanda da hannun dama, yana jan ƙafar hagu, hannun hagun a naɗe a ƙirjinsa. Rahinatu ta san wannan ɗan saurin da yake yi. Duk ranar kine, da ya dawo, ladansa shi ne a rufe ƙofa a kunna masa. Tun da safe ma ya raɗa mata cewa yau Ƙyalla za ta haihu, jar saniyarsa mai farin goshi da ya yi wata uku yana tattali.

"Sannu da dawowa, Baba," in ji Umair, ya tare shi zai kama masa.

Baba ya gyaɗa kai kawai, ya wuce. Ya kai bakin ƙofa.

Ya tsaya.

Ya kalli teburin, ya kalli Rahinatu. Ita kuwa ta kasa haɗa ido da shi.

"Na raba ka da fitinar nan, Baba," Umair ya ce, har da ɗan dariyarsa. "Ka yafe mini da ban zo na gani da wuri ba. Yanzu za ka samu barcinka. Na sayo mata ta hannu, ta je can ta ƙarata."

"Kai, Allah ya yi maka albarka," in ji Goggo Hansai, ta ajiye ledar magunguna. "Ni na gaji da faɗa. Kullum in na zo ƙofa a rufe, muu muu kamar a mayanka. Na ce Rahinatu ki ji tsoron Allah, Yaya Alhaji ba ya son wannan abu, lalura ce ta sa ya yi shiru. Da yana da lafiyarsa, wa ya isa? Ai kai ka sani, Umair. Ka tuna naka?"

"Na tuna, Goggo."

"A turmi fa."

"A turmi," ya ce. "Kuma ga ni, ban mutu ba."

Baba ya ja ƙafa ya shiga, ya jingina sandar, ya zauna bakin katifa da ƙyar. Bai nemi ruwa ba, bai nemi a cire masa hula ba. Ya kwanta a hankali ta gefen da yake da lafiya, ya juya fuskarsa bango.

Wannan kwanciyar Rahinatu ta san ta. Wata huɗu ta yi tana kallon ƙeyar nan, tana roƙon ta da cokali a hannu.

Wani abu ya taso mata. Ba kuka ba ne, haushi ne tsantsa. Haushin Umair da gwaninta, haushin Goggo da baki, haushin Baba ma kansa, da ya gwammace ya koma bango a kan a ce Alhaji Gali yana wasa.

Ta durƙusa a gaban katifar.

"Baba."

Ta taɓa kafaɗarsa.

"Baba, ka sake ni daga rantsuwar nan."

"Wace rantsuwa?" in ji Umair.

"Rantsuwa kuma?" Goggo Hansai ta matso, har tana ture Umair.

"Baba, a wajen mai gyara take. Da wuta ta dawo za a goge komai. Komai fa, Baba. Ni ba zan karya rantsuwa ba, amma wallahi ba zan sake zaman wata huɗun nan ba. Ba zan iya ba. Ka yi magana, ko ka bar ni in yi."

Ƙeyar ba ta motsa ba. Daga waje ana jin mai lemo yana wucewa, da ƙarar keken ɗinkin maƙwabta irin na ƙafa. Rahinatu ta sake kallon fanka.

"Ke, tashi ki bar shi ya huta," in ji Umair. "Wannan wane irin rashin..."

"Ƙyalla."

Daga bango muryar ta fito, da nauyinta, kalma na jan kalma.

"Yau... za ta haihu."

Goggo Hansai ta dafe ƙirji. "Inna lillahi. Ya fara sambatu. Yaya Alhaji, ai shanunka an sayar tun kana asibiti."

Baba ya dafa katifa da hannun dama, ya yunƙura. Rahinatu ta kai hannu, ya girgiza kai. Shi kaɗai ya tashi zaune, yana haki, hular ta karkace. Bai kalli ƙanwarsa ba, ɗansa ya kalla.

"Nawa ne," ya ce. "Garken. Ba nata ba. Ni nake yi."

Goggo Hansai, wadda ba a taɓa ganin bakinta ya rasa abin faɗa ba, ta nemi kujera ta zauna.

Umair ya yi 'yar dariya. Ya kalli Rahinatu yana jiran ta ce wasa ne. Ba ta ce ba.

"Kai kake yi," ya maimaita.

"Ni."

"Wasan. A kwamfuta. Kai, Baba."

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha huɗu," in ji Rahinatu. "Yanzu ka ji. Kira Mika'ilu."

Ko kallonta bai yi ba. Fuskarsa ta canja gaba ɗaya, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ɗaga hannu ya nuna tsakar gida ta taga.

"Turmin can yana nan, Baba. Shi ne dai, ba a canja ba. Na gan shi ranar da na iso."

"Umair," in ji Goggo.

"Bari, Goggo, ke kika tuno da shi." Bai ɗaga murya ba. "Shekarata goma sha biyu. Kawu Babba ya kawo mini 'yar na'urar wasa ta hannu, tsohuwa ma, murfin batirinta da roba aka ɗaure. Kwana tara na yi da ita. Na makara sallar la'asar sau ɗaya, sau ɗaya tak. Ba ka doke ni ba, da ka doke ni da tuni na manta. Ka jefa ta a turmi, ka miƙo mini taɓarya. Ka ce in daka da hannuna. Ka aika aka kira yaran layinmu suka tsaya suna kallo. Ina dakawa ina kuka kana cewa bai yi laushi ba. Da na gama ka ba ni tsintsiya."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Shekara goma sha tara ban sake taɓa wasa ba. A Douala shagon da ke jikin nawa su ake sayarwa, ko leƙawa ba na yi. Jiya na fita na sayo wannan saboda kai. Na ce kada a ci mutuncin abin da ka tsaya a kai. Ashe ni kaɗai nake gadin ƙofar, mai gidan yana ciki yana kiwon shanu."

Gaskiya dai, a nan ko ni mai ba ku labari ban san bayan wa zan bi ba. Amma abin da ya yi bayan wannan, shi ne ban yafe masa ba.

Ya ɗauki konsol ɗin daga kan tebur, ya kunna, ya ɗora a cinyar Baba.

"Ga shi. Wasa ɗaya ne. Ka fara daga maraƙi."

"Yaya," in ji Rahinatu.

Baba ya kalli abin. Wai kuma sai ya gwada. Ya kama gefe ɗaya da hannun dama, ya ɗaga, yana neman yadda babban yatsansa zai kai ɗaya gefen. Ya tokare ta da gwiwa. Ya kalli hannun hagunsa da ke naɗe a ƙirji kamar zai roƙe shi. Na'urar ta sulɓe, ta faɗi kan tabarma, wani ɗan maraƙi a cikin gilashin yana ta kaɗa jela.

Rahinatu ta miƙe tsaye. Tsawonta bai kai kafaɗar Umair ba, amma sai da ya ja baya.

"Ka huce? Na ce ka huce yanzu?"

"Ke ba ki san..."

"Na sani. Ina bayan randa ranar, shekarata shida, na ga komai. An zalunce ka, ban ce ba a zalunce ka ba. Amma kai ma tsaya ka ji abin da ba ka gani ba. Lokacin da mutumin nan ya yi wata huɗu ba ya magana, kana ina? Kana kira a waya kana cewa a sa masa a kunne. Ni nake riƙe wayar. Ni nake ce maka ya gyaɗa kai, alhali ko motsi bai yi ba. Likita ya ce mu shirya. Goggo ga ta nan, ta fara zancen inda za a kafa rumfar zaman makoki."

"Ni dai cewa na yi idan..." in ji Goggo.

"Shanun roban nan da kake rainawa su suka tashe shi. Ba ni ba, ba kai ba, ba maganin asibiti ba. Da hannu ɗaya ya tara su, ɗaya bayan ɗaya. Ni aka zaga a unguwar nan, ni aka kira marar kunya, ka zo kai ma ka ɗora naka. Duk na yafe. Amma ka sa mai hannu ɗaya ya riƙe abin hannu biyu a gabanka don ka ga ya kasa? Wannan ba gyara ba ne, Yaya. Taɓarya ce kai ma ka miƙa masa."

Ta nuna aljihunsa.

"Ciro wayarka."

Bai motsa ba.

"Na ce ka ciro wayarka, ko in fita in tsaya a tsakiyar layi in yi ta kiran sunan Mika'ilu har wani ya nuna mini shagonsa."

"Ƙyale shi," in ji Baba.

Duka suka juya.

"Ƙyale shi, Rahinatu. Kayansa ne." Ya numfasa. "Ni ma... ban tambaye shi ba. Ranar."

Ya ɗago ido ya kalli ɗansa. Idon ya yi ja.

"Me ke ciki? Taka ɗin."

"Me?"

"Wadda ka daka. Wane wasa ne... a ciki?"

Shekara goma sha tara, ba wanda ya taɓa yi wa Umair wannan tambayar, kuma daga bakin da bai taɓa zato ba ta fito.

"Tseren mota," ya ce, muryarsa ta dushe. "Saura hanya ɗaya in gama."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar wanda ya san nauyin abin.

"Saura ɗaya," ya ce. "Kai."

Sai suka ji ƙiiit daga sama.

Fanka ta motsa. Ta yi juyi ɗaya a kasalance, ta yi na biyu, ta ɗauki gudu. A maƙwabta rediyo ya kama magana daga tsakiya, wani injin ɗinki na lantarki ya tashi.

Wuta ta dawo.

Rahinatu ba ta san lokacin da ta damƙi hannun rigar yayanta ba. Amma bai jira ta ba, ya riga ya ciro wayar. Ya danna, ya sa a lasifika.

Ta yi ƙara sau ɗaya.

Sau biyu.

Goggo Hansai na ta jan salati ƙasa ƙasa. Hannun Baba na dama yana kan tabarma, a dunƙule kamar yana riƙe da suri, yatsan manuni na ɗan motsi.

Sau biyar.

"Alo, mutumin Douala," in ji muryar Mika'ilu, cike da fara'a, ana jin ƙarar inji a bayansa.

"Mika'ilu, kwamfutar nan, kada ka taɓa ta. Ka ji ni? Na san wuta ta dawo, amma kada ka kunna, ga ni nan zuwa."

Mika'ilu ya yi dariya.

"Wace wuta? Haba, kai da ka ce gobe da safe kake so. Ai ni ban jira wuta ba, maƙwabcina mai walda ya tada janareta tun azahar."

Yatsan Baba ya daina motsi.